Wasiƙar Kaka

Yara, ni ma na zauna a kan benci kamar ku, da ɗan allona da guntun alli a aljihu. Yau zan ba ku labarin wata wasiƙa da na rubuta ina da shekara 12. Layinta 38 ne, na ƙirga su ba sau ɗaya ba. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, babu kuma abin da na manta. Duk da haka ita ta sa muka sayar da awakinmu biyu.

Garinmu wani ƙauye ne a cikin Adar, ƙasar Keita, gabas da Tawa. Ƙasa ce ta duwatsu da kwari. A daminar 1984 ruwa ya ƙi sauka. Mun yi shuka sau uku, sau uku rana tana ƙone ta. Abin da ya tsira ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Gonar da takan ba mu dami 80 a shekarar kirki, a wannan shekara dami 11 muka ɗaure. Ga kuma iyakar Najeriya a rufe tun watan Afrilu na 1984, ba a buɗe ta ba sai watan Maris na 1986. Masara da garin rogo da suke shigowa ta Birnin Ƙonni suka yi wuya, suka yi tsada. Shi ya sa mutane suka raɗa wa wannan yunwa suna El Buhari, da sunan shugaban Najeriya na lokacin. Ku tambayi kakanninku, sun san ta.

Da aka gama ɗan girbin, Baba ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani Abijan, kamar yadda mazan Adar suka saba. Can yana yawo da kaya a kasuwar Ajame: tocila, batir, madubi, agogo. Ya bar mu mu takwas a gida: Kaka, wato mahaifiyarsa, da Inna, da Gwaggo ƙanwarsa wadda aka sa ranar aurenta, da ni, da ƙannena huɗu.

Ni kaɗai ne ɗan lakwal a gidan. Ina aji biyar. A lakwal ɗinmu da Faransanci kawai ake karatu. An buɗe makarantar gwaji ta farko, mai koyarwa da Hausa da Faransanci, a Damagaram tun 1973, amma irinta ba ta iso garinmu ba. Saboda haka ban san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba. In zan rubuta Hausa, da kunnen Faransanci nake rubuta ta. Kuɗi in rubuta koudi, ci in rubuta tchi. Ku da kuke karanta wannan littafi kun huta da wannan wahala.

Wata rana da dare a watan Janairu na 1985, ana ɗari sosai, Kaka ta kira ni.

"Maigida, zo da takardarka. Jibi akwai mai tafiya Abijan."

Haka take ce mini, maigida, don wasan jika da kaka. Na ɓalle takarda biyu daga tsakiyar kaye, na zauna kusa da fitila. Inna tana gefe tana goyon autanmu. Gwaggo tana bakin ƙofa.

Sai ku san wani abu game da Kaka. Baba ɗanta na fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kuma taɓa duban idonsa ta ce ya ba ta wani abu ba. Kunyar ɗan fari ke nan. In tana maganarsa sai ta ce "wancan".

"Ka ce wa wancan muna gaishe shi," in ji ta. Na rubuta. Ta ce a gaida maigidan da ya saukar da shi, da iyalinsa, da duk ƴan garinmu da ke can, ta jero su ɗaya ɗaya. Na rubuta. Ta ce ɗari ya yi yawa bana. Ta ce jar akuya ta haifi biyu, ɗaya ya mutu. Gwaggo ta leƙo ta ce, "A tuna mishi da atamfa." Na rubuta. Kaka ta ce katangar bayan gida ta tsage. Ta ce jakin maƙwabcinmu ya ɓace an gan shi. Ta ce autanmu ya fara tafiya. Gwaggo ta sake cewa, "Atamfar dai mai ruwan shuɗi." Na rubuta. Ta ce limamin gari ya yi rashin lafiya ya samu sauƙi. Ta ce rijiya ta ja baya, sai an ƙara igiya.

Daga nan Kaka ta yi shiru. Ta daɗe tana kallon fitila. Sa'an nan ta ce a hankali, "Hatsi kuwa, to, sai godiyar Allah. Ruhewa ta fara nuna gindinta."

Na rubuta wannan ma, kamar yadda na rubuta labarin jaki. Nan da nan ta ce mai gari yana gaishe shi, kamar tana son ta rufe maganar da ta fita bakinta. Gwaggo ta ƙara ambaton atamfa, na uku ke nan. Muka rufe da gaisuwa.

Da safe na kwafe da bik, na gyara hannuna. Na ji daɗi ƙwarai. Duk abin da aka faɗa na kama shi, yadda aka faɗe shi, a inda aka faɗe shi. A ganina aikin mai rubutu ke nan.

Bayan sati shida wani ɗan garinmu ya dawo daga Abijan da saƙo. Aka kwance ƙullin a tsakar gida. Ga turmin atamfa mai ruwan shuɗi, ga sabulu, ga takalman roba nawa, ga jika biyu a cikin ambulan. Mutumin ya ce, "Ya ji daɗi da kuna lafiya. Ya ce sauran kuɗin yana tarawa, ya zo da su da damina."

Gwaggo ta yi guɗa. Ni na sa takalmana ina zagaya gida. Kaka ta ɗauki atamfar ta juya ta, ta ajiye, ta ce, "Madalla." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Da dare ina kwance na ji su ita da Inna suna magana ƙasa ƙasa. A ɗakin Kaka akwai wani tulu da ta liƙe bakinsa da laka. Irin shuka ne a ciki, zaɓaɓɓun zangarniyoyi da ta sussuke da hannunta. Inna ta ce, in abin ya kai, sai a fasa tulun. Kaka ta ce, "Ba da raina ba. Wanda ya ci iri bana, mi zai shuka baɗi?" Ranar kasuwa aka ja jar akuya da ƴar uwarta aka kai. Kowa dabba yake sayarwa a shekarar, ga su duk ramammu. Kuɗin awaki biyu bai cika rabin buhu ba.

Sai daga baya na ji yadda wasiƙata ta isa kunnen Baba. Shi karatun allo ya yi, ba ya karanta boko. Ya kai ta wurin wani saurayi mai tebur a bakin kasuwa. Saurayin yana karatu, masu saye suna katse shi. Ga rubutun Hausata mai wuyar ganewa. Ya yi fama da shafi na farko, gaisuwa da ɗari da akuya. Da ya juya shafi na biyu sai ya bi da ido kawai, ya ce wa Baba, "Kowa lafiya. Akuya ta haihu. Suna son atamfa." Ban ga laifinsa ba. Abin da aka faɗa sau uku shi ya gani. Abin da aka faɗa sau ɗaya, a lulluɓe, tsakanin rijiya da gaisuwar mai gari, ya wuce shi.

A ranakun nan ba na jin abin da ake faɗa a aji. Mushenmu ya lura. Mutumin Damagaram ne, dogo, ba ya son hayaniya. Da aka tashi da yamma ya ce in tsaya. A aji ba a yarda mu yi Hausa ba, amma ran nan da Hausa ya yi mini magana.

"Kai yaro, me ke damunka?"

Na gaya masa. Rubutun farko na fensir yana nan a kayena, na miƙa masa. Ya karanta har ƙarshe bai ce komai ba. Sa'an nan ya tambaye ni, "Me Kaka take so Babanka ya yi?"

Na ce, "Ya aiko da kuɗin hatsi, Mushe."

"Nuna mini inda ka rubuta haka."

Na bi layi layi da yatsa. Na sake bi. Babu. Na rubuta maganar ruhewa, amma ban rubuta abin da muke so ba. Ni da nake cikin gidan na san ma'anar shirun Kaka. Takarda ba ta ɗaukar shiru. Sai hawaye suka zubo mini.

Mushe bai lallashe ni ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ya ce in biyo shi. Muka fita gindin dogon yaron da ke filin lakwal. Ya ce, "Ƙasarku ba ta rasa duwatsu ba. Kowace magana da ke cikin wasiƙar nan, ka samo mata dutse. Magana mai nauyi babban dutse, mara nauyi tsakuwa."

Na ƙirga maganganun, 14 ne. Na kawo tsakuwa don jakin maƙwabci, tsakuwa don ɗari, ɗan madaidaici don atamfa. Don hatsi na ɗauko wanda sai da hannu biyu. Na jera su yadda suke a wasiƙa. Da na ja baya na duba, sai na ga abin da na yi: babban dutsen yana can kusa da ƙarshe, tsakuwoyi sun kewaye shi gaba da baya.

Mushe ya ce, "Yanzu haɗa masu kama da juna." Na tara gaisuwa duka wuri ɗaya. Na tara maganar biki wuri ɗaya. Labaran gari wuri ɗaya. Hatsi da awaki da iri wuri ɗaya, don duk maganar ci ce. Tari huɗu suka fito.

"Kowane tari sakin layi ɗaya ne," in ji shi. "In ka gama da tari, ka sauka sabon layi, ka ɗan matsa ciki. Mai karatu ya san ka gama da wannan, ka shiga wancan. To, Babanka yana tsaye a kasuwa. Mai karanta masa yana da ciniki a gabansa. In tari ɗaya kawai zai ji, wanne kake so ya ji?"

Na nuna na hatsi.

"Kawo shi gaba."

Na tsaya. Na ce, "Mushe, ba a fara magana da babba ba gaisuwa."

Ya yi murmushi ya ce gaskiyata. "Ka yi sallama, ka gaishe shi. Amma wanda gobara ta kawo shi gidan maƙwabci, in ya yi sallama ba ya zama tambayar lafiyar awaki. Ɗauki tsakuwa ɗaya daga tarin gaisuwa ka sa a gaba. Sauran ka kai ƙarshe."

Abin da ya fi mini wuya shi ne na gaba. Ya nuna tarin labaran gari ya ce, "Wanne daga cikin waɗannan Babanka zai yi wani abu a kansa daga Abijan?" Jaki an riga an gan shi. Liman ya warke. Ɗari kuwa ba Baba zai hana shi ba. Ya ce in jefar da su. Na ji kamar ina zubar da abinci. Na yi wahala na rubuta su, kuma gaskiya ne. Na roƙi a bar tafiyar autanmu, don na san za ta faranta wa Baba rai. Ya yarda da wannan. Sauran na wurga su bayan katanga ɗaya ɗaya.

Sa'an nan ya dafa babban dutsen ya ce, "Wannan har yanzu ba ya magana. Ruhewa ta nuna gindinta, tiya nawa ke nan? Ku nawa ne? Kwana nawa zai kai ku? Je ka gida ka auno."

Ruhewa, wato rumbun laka irin na Adar, bakinta a sama yake. Na hau tsani na sauka ciki, na miƙo wa Inna abin da ya rage. Aka sussuka, aka haɗa da wanda aka sayo da kuɗin awaki, aka auna. Tiya 36. Mu takwas muna cin tiya ɗaya da rabi a yini, hura da rana, ɗan tuwo da dare. Na yi lissafi a allona: kwana 24. Muna tsakiyar watan Maris, sabon hatsi kuwa sai Satumba. Ran nan na fara ganin amfanin rabawa da ake koya mana.

Saura Kaka. Na zauna gabanta na karanta mata abin da nake so in rubuta. Da na kai wurin "ka aiko da kuɗi", ta ɗaga hannu.

"Ni in roƙi wancan? Ba a haife ni da wannan ba."

Na rasa abin yi. Na kwana ina tunani. Can na tuna Mushe ya tambaye ni wa zai karanta, amma akwai wata tambayar da ke bayanta: wa ke magana? Da safe na ce, "Kaka, in ni ne nake rubuta wa ubana fa, ba ke ba?"

Ta dube ni ta gefen ido. Ta ce, "In kai da ubanka ne, ina ruwana." Ta ci gaba da kaɗinta. Da na fara rubutu kuwa sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ka ce buhu biyu. Kuma kar ka kai gaisuwar maigidansa ƙarshe. Ta akwatinsa takardar za ta bi, da hannunsa zai miƙa ta." Washegari na gaya wa Mushe. Ya ce Kaka ta fi shi sanin wannan, a bar gaisuwar maigida a sama.

Ga wasiƙar ta biyu kamar yadda na tuna ta:

"Zuwa ga Baba. Ni ɗanka ne nake rubuto maka, da sanin Kaka da Inna. Muna gaishe ka, muna gaida maigidanka.

Baba, hatsinmu ya kusa ƙarewa. Yau 16 ga Maris. Mun auna, saura tiya 36. Muna cin tiya ɗaya da rabi kullum, zai kai mu kwana 24. Mun riga mun sayar da awaki biyu. Abin da ya rage sai irin shuka, Kaka ta hana a taɓa shi.

Muna roƙonka ka aiko da kuɗin buhu biyu ta gidan waya na Tawa, da sunan Kawu. Buhu biyu za su kai mu saukar damina. In ba su samu ba, ka aiko da abin da ya samu, kar ka jira sai ka dawo.

Atamfa ta iso, Gwaggo tana godiya. Auta ya fara tafiya. Kowa yana gaishe ka, a gaida ƴan garinmu."

Mushe ya gyara mini rubutun Hausar. Ran nan na fara ganin ɗ mai ƙugiya a cikin kalmar kuɗi. Ya gaya mini tun 1966 masana suka taru a Bamako suka daidaita haruffan rubuta Hausa da waɗansu harsunan Afirka ta Yamma. Sa'an nan ya ce in juya takardar in rubuta wasiƙar da Faransanci a bayanta, don kowa aka samu ya iya karantawa. Na ɗauka zan sake shan wahala. Ashe kalmomi ne kawai za su sake. Duwatsuna suna nan yadda na jera su, sakin layi huɗu a gaba, sakin layi huɗu a baya.

Wani direba ya kai ta gidan waya a Tawa. Muka shiga ƙirga kwana. Inna ta rage awo ta mai da shi tiya ɗaya, ta ƙara da ganye. A kwana na 27 takardar manda ta iso. Kawu ya tafi Tawa ya karɓo. Kuɗin buhu ɗaya da rabi suka saya. Baba ya sayar da rediyonsa da rabin kayan tallarsa kafin ya haɗa su. Daga baya dawar taimako ta fara isowa, Inna kuma ta shiga aikin gyaran ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984, inda mata ke ɗaukar duwatsu ana biyansu da abinci. Azumi ya kama a ƙarshen watan Mayu, a cikinsa Baba ya dawo. Da ruwa ya sauka Kaka ta fasa tulunta da kanta. Daminar 1985 ta yi kyau.

Tun daga lokacin ban ƙara fara rubutu ba sai na jera duwatsuna. Yanzu a gefen takarda nake jera su, kalma ɗaya ɗaya, in sa musu lamba. Amma kada ku ɗauka kullum babban dutse ne a gaba. Wasiƙar neman taimako ce take son haka. Kowane rubutu da irin jerinsa.

In labari za ku bayar, lokaci ne ke jan gaba: abin da ya fara faruwa, sa'an nan abin da ya biyo. Kun san wannan tun kafin ku zo makaranta. Wace kaka ce za ta ce "ga ta nan ga ta nanku", ta fara da yadda Gizo ya tsere, sa'an nan ta koma ta faɗi abin da ya sata? Yara za su tashi su bar ta. A tatsuniya babban dutse can kusa da ƙurunƙus yake, don a jira shi. Ni ma a labarin nan ban gaya muku ko kuɗin sun iso ba sai da lokacinsa ya yi.

In za ku kwatanta wuri, ku bi shi da ƙafa. Ku shiga ta zaure, ku fito tsakar gida, ku duba dama, ku duba hagu, sa'an nan ku shiga ɗaki. Kada ku yi tsalle daga madafa zuwa zaure ku komo turken awaki, mai karatu zai yi juwa.

In kuwa za ku bayyana yadda ake yin wani abu, aikin da kansa zai ba ku jeri. Wata shekara na ce wa ƴan ajina su rubuta yadda ake hura. Wani yaro ya dama ta da nono a layi na biyu, ya surfa hatsin a layi na shida. Na sa wata yarinya ta karanta da ƙarfi. Ƴan matan aji suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Su suka gyara masa: a surfa, a wanke, a daka, a tankaɗe, a cura, a dafa, a kirɓa, sa'an nan a dama. Yaron ya san kalmomin duka. Bai taɓa tsayawa ya kalli aikin daga farko har ƙarshe ba.

Akwai kuma ƴan ƙananan kalmomi masu riƙe jeri, kamar laka tsakanin duwatsun gini: da farko, bayan haka, amma, saboda haka, daga ƙarshe. A darasin Faransanci za ku same su: d'abord, ensuite, mais, donc, enfin. Ku kula da su. "Amma" tana gaya wa mai karatu hanya za ta karkata. "Saboda haka" tana gaya masa abin da ke zuwa ɗan abin da ya wuce ne. In kun sa "saboda haka" inda babu dalili, kun yi masa ƙarya.

Za a koya muku cewa rubutu yana da gabatarwa da ciki da kammalawa. Haka ne, ku koya. Sai dai na ga yara da yawa suna hardace gabatarwa ɗaya suna manna ta a kan kowane rubutu, ko na kasuwa ne ko na damina. Layi biyar su wuce ba a ce komai ba. Wannan ita ce doguwar gaisuwar wasiƙata ta farko, ta sake riga. Ni na fi son yaron da ya san abin da yake so ya faɗa, ya faɗe shi da baki cikin numfashi ɗaya, da harshen da yake tunani da shi, kafin ya taɓa bik. In bai iya faɗinsa haka ba, bai shirya rubutu ba tukuna.

Yau ba a cika kiran ɗan lakwal ya rubuta wasiƙa ba. Akwai salula. Amma jiya jiyan nan wani ɗan uwana ya aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp, minti shida. Na saurari gaisuwa da labarin zafi da tsadar taki, na ajiye wayar a minti na huɗu don ana kirana. Sai da dare na ji sauran. A minti na shida ne ya ce matarsa tana asibiti.

Da Baba ya rasu muka buɗe akwatinsa na ƙarfe. A ƙasan kaya, cikin wata leda, na tarar da wasiƙun nan biyu. Ta farkon ta yi ja, ta kusa rabuwa a wurin ninki. Na ƙirga: maganar hatsi tana layi na 31. Kowace shekara nakan kwafe ta a babban allo da rubutun Hausa na daidai, in ba ƴan ajina minti biyu su karanta, sa'an nan in goge, in tambaye su abin da tsohuwar nan take so. A aji mai yara 50, huɗu ko biyar ne ke cewa hatsi. Sauran duk atamfa suke cewa, waɗansu har su ƙara da cewa mai ruwan shuɗi.